Kiɗan Dandali da "Faransar" Iyayenmu

Jama'a, duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya taɓa jin wani dattijo ya ce, "Kakan wane daga Faransa ya zo." Yaran yanzu sai su ɗauka birnin Paris ake nufi. Ina! Faransar iyayenmu ita ce Maraɗi da Damagaram da Tawa, wato ƙasar da Faransawa suka mulka a arewa da mu. Ta wannan ƙofa ƙaunar Faransa ta shigo mana, kuma da kiɗa ta shigo.

Kuza ce ta tara mu. Da jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, sai leburori suka yi ta kwararowa. A cikinsu akwai waɗanda suka gudo wa haraji da aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Mutum ya yini cikin rami da kwano a ka, da dare kuma babu abin ɗebe kewa sai abin da hannunsa ya iya. Wannan ya ɗauko gurmi, wancan garaya, mata su kifa ƙwarya a ruwa. Yawancinsu ba maroƙa ba ne, ba su gaji kiɗa ba, ba kuma a biyansu. Tela ne, ko mahauci, ko ɗan ga-ruwa. A ƙasar Hausa ta asali wannan abin kunya ne ga wanda ba ɗan gado ba, amma bariki ba ta tambayar asali.

A cikin wannan hayaniya marigayi Adamu Ɗanmaraya ya tashi, wanda aka haifa a Bukur a 1946. Shi dai ya zama gwani har duniya ta san shi, amma a dubi kuntiginsa: gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya. Yara da yawa sun haɗa irinsa a lungunanmu, su ne dai ba a ji sunansu ba.

Da rediyo ta wadata, sai wata Faransar ta ƙaru. Ana murɗo Muryar Sahel daga Yamai, daga 1981 kuma ga tashar Africa No. 1 daga Gabon tana zubo kiɗan Kwango, irin na su Franco da OK Jazz. Ko da yake Beljiyam ce ta mulki Kinshasa, mu dai duk "kiɗan Faranshi" muke ce masa. Samari suka shiga koyon jita da kunne, suna rera kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, ana kiran juna "mushe" don burgewa. Bayan 1990 kaset ɗin Sa'adu Bori na Maraɗi ya cika gidajen biki. Masu zurfin sha'awa suka nufi Alliance Française ta nan Jos koyon harshen. Lokacin da RFI ta buɗe sashen Hausa a 2007, kunnuwanmu sun daɗe da sabawa.

To, me ya kashe dandalin? Wasu za su ce wa'azi, wasu su ce na'urar DJ, kuma duk akwai gaskiya. Amma a ganinmu babban dalili shi ne rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da 2010. Dokar hana fita ta cinye dare, unguwanni suka rabu, maƙwabcin da ke kaɗa maka jita ya koma wani gefen gari. Abin da ya fi ciwo, a 2008 an yi ta yaɗa cewa an ɗauko mayaƙa daga Nijar da Chadi. Tun daga nan, gidajen da a da suke alfahari da kakansu na Damagaram suka yi gum, kada a ce musu baƙi.

Ɗanmaraya ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa. Waƙoƙinsa suna nan a faifai. Na tela da mahauci da ɗan ga-ruwa kuwa babu wanda ya ɗauka, sai ɗan abin da ya rage a bakin tsofaffin matanmu, su ma sai an roƙe su, an kuma rufe ƙofar zaure.