Malam Abdullahi Gwandu da Shawarar Mai Nauyin Zuciya

Likitocin da, tun daga Jalinusu har zuwa Ibn Sina, sun kasa ɗabi'un 'yan Adam gida huɗu. Ɗaya daga ciki shi ne wanda Larabawa ke kira saudawi, wato mutum mai nauyin zuciya da yawan zullumi, wanda ke hango aibu tun kafin kowa ya gani. Likitancin zamani ya yi watsi da wannan rabo, amma masu halin suna nan. Tarihinmu kuwa ya ajiye mana misali a rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya raka Shehu yawon wa'azi a nan ƙasar Zamfara kimanin shekara biyar.

Kada mai karatu ya zaci rago ne. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto cikin 1804. Amma bayan yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa, inda ya rasa abokai da yawa, sai ya duba ya ga an fara karkata ga ganima da sarauta da dawaki. Abin ya ci masa rai ƙwarai, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Cikin 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alkalawa, ya rabu da runduna tare da mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka.

Wannan ita ce shawarar farko da mai irin wannan hali kan yanke: idan ya ga gyara ya gagara, sai ya janye jikinsa. To amma da ya isa Kano, jama'a suka roƙe shi ya tsaya. Ya saurare su, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya koma gida.

Haka ta sake faruwa a 1817. Da Shehu ya rasu aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya koma Gwandu da ɓacin rai. Sai da Bello ya kai masa gudunmawa a yaƙin Kalambaina, sannan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, zumunci ya ɗore har rasuwarsa a 1829.

Sau biyu ke nan zuciya ta ce masa ya tafi, sau biyu kuma ya sake shawara da ya ga jama'a da 'yan'uwa ba su sake shi ba. Abin da ya hango gaskiya ne, amma da ya zarce Makka, da Kanawa ba su sami wannan littafi ba.

'Yan'uwa marubuta, da yawa daga cikinmu masu irin wannan zuciya ne. Duk ranar da baƙin ciki ya ce ka ajiye alƙalami, ka jinkirta, ka nemi na gaba da kai ku tattauna, sannan ka rubuta abin da ya dame ka. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.