Rawa Ba Ta Barin Sawu

Ranar da na gaya wa kawuna cewa digirin digirgir ɗin da zan je yi a Amurka a kan tarihin rawa ne, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. "Rawa fa ka ce, ɗan nan? Ita ma yanzu har dakta ake yi mata?" Ban ji haushi ba, don ko a can, tambayar da manyan malamai suka daɗe suna yi ke nan.

Ta ƙofar baya rawa ta shiga jami'o'in Amurka. A 1926 Margaret H'Doubler ta buɗe karatun digirin rawa na farko a Jami'ar Wisconsin, amma a sashen motsa jiki na mata aka ajiye shi. Tarihinta kuwa yana hannun 'yan jarida masu sharhin wasanni da masu tara tsofaffin hotuna. Littafin da aka dogara da shi shi ne na Bajamushe Curt Sachs na 1933, wanda ya jera raye-rayen duniya kamar tsani, na waɗanda ya ɗauka marasa wayewa a ƙasa, na Turai a can sama.

Wadda muke ɗauka uwar fannin ita ce Selma Jeanne Cohen, kuma ita kanta a adabin Ingilishi ta yi digirgir ɗinta a Chicago, don babu inda za ta yi na rawa. Ta riƙe mujallar Dance Perspectives daga 1959 zuwa 1976, sannan ta shafe sama da shekara ashirin tana haɗa kundin rawar duniya mai juzu'i shida da ya fito a 1998. A tsakani aka kafa ƙungiyar masana tarihin rawa a 1978. Sai a 1993 Jami'ar Kalifoniya ta Riverside ta fara ba da digirgir na tarihi da nazarin rawa, da su Susan Leigh Foster a gaba. Wato fannin bai girme ni da yawa ba.

Akwai wata gajeriyar maƙala ta 1970 da ake sa kowane sabon ɗalibi ya karanta. Joann Kealiinohomoku ce ta rubuta ta, inda ta nuna cewa rawar bale, wadda Turawa ke gani ita ce sarauniyar raye-raye, ita ma rawar gargajiya ce ta wasu mutane, da tufafinsu da tatsuniyoyinsu da abin da suke kira kyau. Ranar da na karanta ta sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Amma sauke kaya daban, samun hujja daban. Mai tarihin sarauta yana da wasiƙu, mai tarihin gini yana da bango. Rawa kuwa da an daina kiɗa ta tafi. Wata abokiyar karatuna tana aiki a kan rawar fadar Faransa, tana da alamomin taku da Feuillet ya buga a Paris a 1700; ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta cire takalmi, ta tayar da rawar da ta kwanta shekara ɗari uku. Masu nazarin rawar zamani suna da tsarin rubutun Rudolf Laban na 1928, da finafinan da ke jibge a ɗakin karatu na birnin New York. Ni da na zaɓi bori, me na tarar? Littafin Tremearne na 1914, hafsan mulkin mallaka da ya kalli abin da idon baƙo, sai ƙamus ɗin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971, sai aikin Fremont Besmer na 1983 a kan bori a Kano. Sun yi bayanin goge da garaya da kirarin iskoki. Yadda ƙafa ke sauka, da yadda kafaɗa ke karyewa, wannan kaɗan ne ya shiga takarda.

Har ma kalmar ta ba ni wahala. A zaman kare tsarin bincike wani malami ya tambaye ni ko bori rawa ce. Na yi shiru, don 'yan bori hawa suke cewa: iska ce ke hawan dokinta ko goɗiyarta, kuma a wurinsu ba mutumin ne ke motsi ba. To tarihin wa nake rubutawa, na dokin ko na mahayin? (Abin dariya, kullum jaridunmu na yabon wanda ya taka muhimmiyar rawa, amma mai taka ta gaske ba a ba shi 'ya.)

Da na koma gida neman bayani, na sami wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Na kunna na'ura, na ce, "Inna, yaya ake yi a zamanin iyayenku?" Ta ce baki ba ya faɗin wannan. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaure zani, ta yi taku huɗu ko biyar, ta zauna tana haki. Wannan takun ne ginshiƙin babi na uku na kundin bincikena. Da malamata ta karanta, sai ta rubuta a gefen shafi da jan biro: "Ina madogararka?"