3.2 Yadda Waƙa Ta Kalli Mutuwar Soja Daga Nesa

A wannan sashe za a duba yadda mawaƙan Hausa suka bayyana mutuwar da ba su gani da idonsu ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samarin ƙasar Hausa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama, inda suka gwabza da sojan Japan a Kaladan da Arakan a 1944 da 1945. Manomin auduga a karkarar Funtua ko Malumfashi bai san inda Bama take ba. Abin da yake riskarsa shi ne labarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, sai kuma waƙa.

Idan aka nazarci "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur, za a ga cewa hankalin mawaƙin yana kan waɗanda suka dawo da kuma 'yancin da jininsu ya cancanta. Haka ma a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Aƙilu Aliyu a rubuce, da Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtua, a baka, sun karkata ga zuga soja da kambama jarunta. Wato mamaci yakan shigo waƙa a jam'i, a matsayin "mazaje", ba da sunansa ko na ƙauyensu ba.

Dalilin haka bai rasa nasaba da al'ada. Bahaushe ya san mutuwa da wanka da likkafani da salla da kushewa da zaman makoki. Wanda ya faɗi a dajin Bama babu ko ɗaya da danginsa suka shaida. Matarsa ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma a kan labari kawai. Sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba suna rubuce a dutsen tunawa na Taukkyan, kusa da Rangun, inda da wuya wani nasu ya taɓa zuwa.

Bisa ga haka, ana iya cewa waƙar ta cike gurbin jana'izar da ba a yi ba, ta ba mutuwar ma'ana a idon jama'a. Sai dai ta bar wa uwa da matar mamaci nasu kukan a cikin gida, inda ba a rubuta shi ba. Wannan ɓangare ne za a duba a sashe na gaba.