Daga rungumar ɗan zaki zuwa ƙirgan ɓawon ƙwai

Lokacin da na fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Ingila, na tarar da al'adar da ban taso da ita ba. Duk hutun ƙarshen shekara sai a kwashi 'yan shekara 16 da 17 a kai su wata ƙasa su yi wa namun daji aikin sa-kai. Ni da sanina da dawa bai wuce ziyarar Yankari da aka kai mu muna ɗalibai ba, sai ga shi an danƙa mini fasfo goma sha biyu da akwatin magani, an ce ni ne jagora.

Harkar ba da yara ta soma ba. A 1971 aka kafa Earthwatch a Amurka, inda manya ke biyan kuɗinsu su bi masu bincike daji suna taya su awo da rubutu. Wanda ya jawo matasa ciki soja ne, Kanar John Blashford-Snell, da goyon bayan Yarima Charles. Shirinsu na Operation Drake ya zagaya duniya a jirgin ruwa daga 1978 zuwa 1980, sai Operation Raleigh ya biyo baya a 1984. Tsofaffin hannu da na tarar har yanzu da hancin soja suke ba da labarin zamanin: laka, sauro, gina gada da hannu. Burinsu a gasa yaro ya zama mutum, dabba kuwa sai dai ta samu rara. Kamfanoni irin su World Challenge, wanda aka kafa a 1987, su suka shigo da abin makarantu, kuma daga nan kuɗi ya fara magana.

Da kuɗi suka yi yawa, sai 'yan kasuwa suka gano abin da yaro ke so, wato hoton da zai saka a Facebook. Nan na yi kuskuren da har gobe nake jin kunyarsa. Na kai rukunina wata gona a Afirka ta Kudu, inda aka ce mana marayun zakuna ake reno kafin a mayar da su daji. Yara suka wuni suna ba su madara a fida, suna goge musu baki da tsumma. Daren na huɗu wata yarinya ta same ni a bakin wuta.

"Malam, ya aka yi duk iyayensu suka mutu lokaci ɗaya?"

Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Ashe raba su ake yi da uwayen tun suna 'yan kwanaki domin uwar ta yi saurin sake ɗaukar ciki. Zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji. In ya girma, ko a sayar wa maharbi ya harbe shi a cikin shinge, ko a kai ƙasusuwansa kasuwannin Asiya. Fim ɗin Blood Lions na 2015 shi ya fasa ƙwai, a 2021 kuma ministar muhalli Barbara Creecy ta sanar da niyyar gwamnati ta kawo ƙarshen kiwon zakuna irin wannan. Kafin nan mun riga mun biya, da kuɗin da yaran suka tara a wankin mota da sayar da kek.

Tun daga ranar, duk inda aka ce yaro zai taɓa dabba, ba na sa ƙafa. Annobar korona kuma ta zo ta tankaɗe harkar, har Raleigh International kanta ta rufe a 2022.

Yanzu Girka nake kai su, wajen kunkurun teku. Aiki ne mai gundura, kuma shi ya sa na yarda da shi. Tun asuba ake bin gaɓa ana neman sawun uwar da ta fito da dare, ta haƙa rami, ta zuba ƙwai wajen ɗari ta koma ruwa. A auna nisan ramin da teku, a rufa masa ragar ƙarfe saboda karnuka da yanyawa, a rubuta. Bayan kamar wata biyu, in 'ya'yan sun fashe sun tafi, sai a tone ramin a ƙirga ɓawo da ƙwan da ya ruɓe. Warinsa kam sai wanda ya shaƙa.

Wahalar jagora ita ce hana yara taimako. Ɗan kunkuru bai cika tafin hannu ba, yana jan ciki yana faɗawa cikin sawun mutane, amma dole a bar shi ya kai ruwa da ƙafarsa. Iyakar abin da aka yarda a yi masa shi ne inuwa da share hanya. Bara na ga wani ƙaton yaro, ɗan ƙwallon zari-ruga, durƙushe da tawul a sama yana bin wani ɗan kunkuru da rarrafe har minti ashirin. Da igiyar ruwa ta ɗauke kunkurun, yaron ya miƙe yana kakkaɓe yashi, ya tambaye ni wane layi ake cikewa a takardar.