Gidan Ɗan Hausa a Kano

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nassarawa, a wajen ganuwar birnin Kano, yankin da a da can gandun Sarkin Kano ne.

An gina shi da tubali da azara, da zankwaye a saman soro, an kuma ƙawata bangonsa da zanen gargajiya.

A nan ne Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna, ya kuma buɗe makarantar boko a 1909.

Yanzu dai gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano.

Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci: muddin aka daina yi masa yaɓe, damina kan zaizaye shi.