Bert Vogelstein da Asalin Ciwon Dajin Hanji

A manyan asibitocin duniya a yau, idan an ciro ƙari daga babban hanjin majinyaci, sai an binciki ƙwayoyin gadon da ke cikinsa kafin a tsayar da magani. Shekaru 50 da suka wuce babu wannan zance. Masana na ta ja-in-ja a kan tushen ciwon daji: wasu sun ɗora laifin a kan ƙwayoyin cuta, wasu a kan raunin garkuwar jiki, wasu kuma a kan gubar da ake ci ko ake shaƙa.

Cikin waɗanda suka raba gardamar, da wuya a sami kamar Bert Vogelstein, wanda aka haifa a birnin Baltimore na Amurka a 1949. Lissafi ya fara karantawa, daga baya ya koma likitanci a Jami'ar Johns Hopkins, ya kammala a 1974. Yana aikin likitan yara ne aka kawo masa wata yarinya mai ciwon dajin jini, ya rasa abin da zai gaya wa iyayenta game da musabbabin cutar. Wannan na cikin abin da ya karkata shi zuwa ɗakin gwaje-gwaje.

Basirarsa ta farko ita ce zaɓen hanji. Ciwon dajin hanji yakan soma ne da ɗan tsiro mara illa a bangon hanji, likitoci kuma kan yanke irin waɗannan tsirrai, ƙanana da manya, har da waɗanda suka riga suka rikiɗe. Ke nan ga cutar a jere tun daga yarintarta har tsufanta, sai a kwatanta. A 1988 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken samfuri 172, suka nuna cewa gwargwadon girman tsiro da muninsa, gwargwadon yawan ɓarnar da ta taru a ƙwayoyin gadonsa.

Shekara na zagayowa, ɗalibarsa Suzanne Baker ta warware wani ruɗani. Tun da aka gano wani furotin mai suna p53 a 1979 ake yi masa kallon mai rura ciwon daji. Ashe birki ne, tsinkewarsa ce ke sa ƙwayoyin jiki hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Yanzu an san yana lalace a kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam.

A 1990 Vogelstein da Eric Fearon suka fitar da taswirar da ɗaliban likitanci ke haddacewa har gobe: ɓarna a kuromosom na 5, sai ƙwayar gadon KRAS, sai kuromosom na 18, sai p53. Ƙwayar gadon da ke na 5 ɗin, wato APC, sai a 1991 aka gano ta. Ba kowane ƙari ke bin wannan jeri sau da ƙafa ba, su da kansu sun ce taruwar ɓarnar ta fi jerinta muhimmanci. Amma a ganina babbar ribar taswirar ita ce lokaci: tafiyar kan ci shekaru 20 zuwa 30, kuma duk inda aka tare tsiron a hanya an kashe maganar.

Akwai kuma gidajen da cutar ke bi gado. Tun 1913 likita Aldred Warthin na Michigan ya rubuta labarin irin wannan zuri'a, Henry Lynch ya farfaɗo da batun a 1966. A 1993 ayarin Vogelstein, da Albert de la Chapelle na Finland, da wasu masana suka gano cewa ƙwayoyin da ke gyara kurakuran kwafin DNA ne ba sa aiki. Irin wannan ƙari kan cika da kurakurai har garkuwar jiki ta iya shaida shi. A kan haka Dung Le da Luis Diaz na Johns Hopkins suka gwada maganin pembrolizumab, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga duk ƙari mai wannan alama, ko a wane sashen jiki yake. Ba a taɓa yin haka ba kafin nan.

Batun ya shafe mu. Wani bincike da likitocin Ile-Ife suka wallafa a 2021 tare da asibitin Memorial Sloan Kettering ya sami wannan alama a majinyatan Nijeriya fiye da na Amurka. Sai dai gwajin da maganin duk sun fi ƙarfin talaka, kuma yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Wanda ya ga jini a bayan gida kada ya yanke hukuncin basir ne, ya je likita ya duba shi.