Maƙwabtaka da Farashin Gida a Fim ɗin La comunidad

A shekarar 2000 darakta Álex de la Iglesia ya fitar da La comunidad. A dokar Sifen wannan kalma tana nufin ƙungiyar masu gidaje a bene ɗaya, waɗanda ke haɗa kuɗin gyaran rufi da matakala. A bakin mutane kuma tana nufin al'umma. A ganina, a kan saɓanin ma'anonin nan biyu aka gina fim ɗin gaba ɗaya.

Julia, wadda Carmen Maura ta fito a matsayinta har ta ci kyautar Goya, dillaliyar gidaje ce a Madrid. Tana tallar gidan da ya fi ƙarfin aljihunta, sai ta tare a ciki a ɓoye. A gidan da ke samansa aka gano gawar wani tsoho, ita kuma ta tono feseta miliyan 300 da ya ci a cacar ƙwallo. Shekara da shekaru tsohon bai leƙa waje ba don tsoron maƙwabtansa, waɗanda suka riga suka raba dukiyar a tsakaninsu, mutuwarsa kawai suke jira.

Salon da Faransawa suka laƙaba wa suna nuwar, wato baƙin fim, ya saba ɗora laifi a kan 'yan daba da gurɓatattun 'yan sanda. Nan an riƙe duhun matakala da akwatin kuɗi da kwaɗayin da ke halaka mai shi, amma masu kisan su ne dattawa da matan aure masu shirya liyafa. Dariyar tana da ɗaci domin ladabin maƙwabtaka, gaisuwa da gayyata, shi ne makamin.

Lokacin fitowar fim ɗin ma abin lura ne. Dokar filaye ta 1998 ta buɗe ƙofar gine-gine, farashin gidaje na hawa, kuma ana shirin karɓar takardun yuro a 2002, abin da ya tura kuɗin ɓoye zuwa sayen gidaje. Kasuwar ta rushe a 2008.

Inda nake ƙorafi shi ne fim ɗin ya tsananta wa ƙananan masu gida, ya ƙyale bankuna da 'yan kwangila: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Banki bai bayyana ba sai a ƙarshe, a matsayin gini kawai, lokacin da maƙwabtan suka bi Julia har kan rufin tsohon Banco de Bilbao a titin Alcalá, suna kokawar akwatin a ƙarƙashin gumakan dawakai.